Turancin da ke gudu in waya ta yi ƙara: nazarin lamarin wani jami'in sayen kaya

Ranar da ya fara zuwa wurina, da takardu ya zo. Ya zube su a kan tebur, imel wajen ashirin da ya rubuta da Turanci, ya ce in duba in nuna masa inda yake kuskure. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. In ka ɗebe wani waƙafi da ya sauka inda bai kamata ba, ban ga abin gyara ba. Na ce, "Yallaɓai, wannan Turancin ai ba ya neman malami."

Ya ce, "To Malam, don me in waya ta yi ƙara sai ya gudu ya bar ni?"

Mutum ne da ya ba hamsin baya, jami'in sayen kaya a wani kamfani mai shigo da famfunan ruwa da kayan gyaransu. Hausa ya sha a nono, Turanci kuwa a makaranta ya same shi, kuma ya fi shekara ashirin yana karanta kwangila da takardun oda da shi. Ya yarda in rubuta lamarinsa muddin ba a ambaci sunansa ko na wurin aikinsa ba.

Abin da ya koro shi gare ni harafi ɗaya ne. Ya yi odar robobin toshe yoyo daga wani kamfani na ƙasar waje. Robar iri biyu ce, lambarsu ɗaya sak, sai dai ɗaya ta ƙare da F, ɗayar da S. Wata ma'aikaciyar kamfanin ta kira shi ta ce mai F ta ƙare a sito, ko za a aiko da mai S a madadinta? Shi bai ji tambaya ba. A zatonsa odarsa take sake karanta masa. Ya ce, "Yes, yes." Bayan makonni kaya suka iso, ba wadda ta shiga famfo ko ɗaya. Aka yi asarar kuɗin mayarwa da na jira. Amma ba asarar ce ta fi ci masa rai ba. Shugabansa ne ya ce, cikin ladabi kuma a gaban yara, daga yanzu kiran waje a riƙa miƙa wa wani saurayi da bai fi shekara biyu da fara aiki ba.

Gwaji uku a rana ɗaya

Kafin in koyar da komai, na so in ga inda gizo ke saƙar. Na shirya oda uku masu kama da juna, kowace da lambar kaya, da adadi, da ranar isowa, da sunan wanda za a nema. Aikinsa ya saurara ya rubuta.

Ta farko na karanta masa muna fuskantar juna. Ya rubuta komai daidai, har ya gyara mini yadda ake faɗin sunan wani ƙarfe. Ta biyu muka juya kujeru baya da baya. Ya rasa haruffa biyu, kuma na lura numfashinsa ya sauya. Ta uku na fita zuwa wani ɗaki na kira shi a waya, na ɗauki maganarmu da yardarsa. Kusan rabin abin da na faɗa bai hau takarda daidai ba. Da gangan kuma na dasa tarko a ciki: na ce kayan za su iso ranar 30 ga Fabrairu. Ya ce, "Yes, okay."

Da muka zauna muka kunna abin da aka ɗauka, ya ji kansa yana amincewa da ranar da babu ita a kalanda, sai ya yi dariya. Can ya yi shiru. Ya ce, "Wallahi Malam ban ji watan ba. Na dai ji ka tsaya, na san juyina ne in ce wani abu."

Wannan jimla tasa ita ce lamarin gaba ɗaya, ko da yake ni kaina ban gane haka ba sai da na ɓata makonni biyu.

Abin da waya ke cinyewa

Na fara da yi masa bayanin na'urar kanta, domin mutum irinsa, mai aiki da injina, ya fi samun natsuwa in ya san inda matsala take a jikin ƙarfe.

Kunnen matashi mai lafiya yana kama sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan guda, ma'aunin da ake kira hertz. Layin tarho na gargajiya kuwa daga 300 zuwa 3,400 kaɗai yake ɗauka. Da gangan aka yi haka, don a cusa kira da yawa a hanya ɗaya, kuma wannan ɗan zangon ya isa a gane magana ta yau da kullum. Sai dai ƙarfin sautin s yana can sama da 4,000, a wurin da layi ya riga ya datse. In aka yanke wannan saman, s da f sun zama Hassan da Husaini. Wanda ya tashi cikin Turanci ba ya damuwa, domin in ya ji abu mai kama da "feven" ya san "seven" ake nufi, tunda babu wata kalma haka. Amma lambar kaya ba ta da ma'anar da za ta cece ka. F da S duk suna iya yiwuwa. Haka M da N. Haka kuma jerin B, C, D, E, G, P, T, V, waɗanda sunayensu a Turanci duk da wasali ɗaya suke ƙarewa, bambancinsu ɗan ƙaramin sauti ne a farko.

An daɗe da samar da layi mai faɗi. Tun 1988 aka amince da tsarin da ke ɗaukar sauti daga 50 zuwa 7,000, kuma kiran intanet irin na WhatsApp ya fi tsohon layi tsabtar murya. To amma shi kiran ofis yakan bi ta na'urorin kamfani da hanyoyi daban-daban, ya faɗo kan ƙunƙuntaccen layi. Kiran intanet kuma da tasa cutar: jinkiri, da gutsurewar kalma a tsakiya.

Akwai kuma rabon bakinsa a ciki. F ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, ba da haƙori da leɓe irin ta Turanci ba, kuma Bahaushe yana iya faɗinta kamar p ba tare da ma'ana ta canja ba. Saboda haka in Yallaɓai ya ce P, na can ya ji F. In ya ce V, a ji B. Ke nan matsalar ta hanya biyu ce: shi ba ya jin su sosai, su ma ba sa jin sa sosai.

Sai ido. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ashe har labarin baki ma a tambaye ta. A 1976 wasu masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka wallafa wani gwaji a mujallar Nature. Sun haɗa hoton bakin da ke cewa "ga" da muryar da ke cewa "ba", sai mafi yawan masu kallo suka ce "da" suka ji. Ido yana shiga aikin kunne ba tare da an gayyace shi ba. Mai koyon harshe ya fi kowa dogara da wannan taimako, yana kallon leɓe, da gira, da hannu. In ya ɗaga waya, duk an kwashe.

Na ƙarshe shi ne lokaci, kuma shi ya fi muhimmanci a nan. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna goma na sassan duniya. Matsakaicin tazarar wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne. Japanawa suka fi sauri, mutanen Danmak suka fi jinkiri, su ma ba su kai rabin sakan ba. Alhali masu binciken harshe sun auna cewa shirya kalma ɗaya tak a kai kafin ta fito baki yana cin fiye da rabin sakan. Ma'ana, mutum yana haɗa amsarsa tun ɗayan bai rufe baki ba. Wanda har yanzu yake kokawa da fahimtar jimlar, ina ya ga sararin haɗa amsa? In ido na ganin ido, za a ga yana tunani, a jira shi. A waya kuwa shiru na sakan biyu ya isa a ce, "Hello? Are you there?" Sai tsoro ya kama shi, ya jefa abin da ya fi kusa da harshensa.

Kuskurena

Abin da na fara yi shi ne abin da littattafan koyarwa da yawa ke yi. Na rubuta masa hirarraki cikakku: ga abin da mai kira zai ce, ga amsarka. Yadda ake yin oda, yadda ake ƙorafi, yadda ake neman a haɗa ka da wani. Ya haddace su tsaf, don mutum ne mai ƙwazo. In muka yi su a aji kamar ruwa.

A mako na biyu na kira shi, na fara kamar yadda yake a takarda, sai a layi na uku na kauce. Maimakon in tambayi lambar oda, na tambaye shi ko shi ne ya kira jiya. Ya karanto mini lambar oda. Na sake tambaya. Ya ce, "Yes." Na ga haddar ma ƙara toshe masa kunne ta yi, domin yanzu ba saurarona yake ba, jiran layinsa yake kamar ɗan wasan kwaikwayo. Na tattara takardun na ajiye. Ban ce hadda ba ta da amfani ba, zan dawo kan inda ta yi mana rana. Amma mutumin da ke can ƙarshen layi bai karanta takardarka ba.

"Yes" mai ɗauke da kaya huɗu

Da na sake sauraron kiran da muka ɗauka, na ƙirga "yes" ɗinsa. Kusan bayan kowace jimla tawa akwai guda. Sai na tambaye shi, in da Hausa muke magana, me zai ce a waɗannan wuraren? Ya ce wani wurin "to", wani wurin "na'am", wani "ina jin ka", wani kuma "e, haka ne". Kalmomi huɗu masu aiki huɗu. "To" ba ta ɗaure mutum, tana iya nufin na ji, ci gaba. "Na'am" amsa kira ce, in kuma aka ɗaga murya a ƙarshenta ta zama sake faɗa ban ji ba. Shi kuwa duk ya tattara su ya zuba a buhun "yes". Ma'aikaciyar nan da ta tambaye shi ko a sauya roba, "to" ya ba ta, ita kuwa ta karɓi sa hannu.

Doka ta farko ke nan: mako guda cur ba zai ce "yes" a waya ba sai in tambaya aka yi masa, ya fahimce ta, kuma ya amince. In nuna alamar yana tare da mai magana yake so, ga "right", ga "I see", ga "go on", ga ɗan gunaguni na "mm-hm". Kwana biyun farko ya sha wuya. Yakan fara "ye..." sai ya haɗiye.

Amma hana "yes" ba ya sa mutum ya ji abin da bai ji ba. Dole ya koyi tsayar da mai magana. A nan muka yi karo.

Ya ce, "Malam, mutum yana magana in katse shi? Kuma in ce ban gane ba, ai sai su ce wane irin jami'i ne wannan."

Na gane ba Turanci muke magana a kai ba, girma ne. Mutumin da yara ke kawo wa takardu ya duba, yanzu a ce ya furta da bakinsa cewa bai ji ba. Sai na kawo masa wani bincike na 2015 da Mark Dingemanse da abokansa suka yi a cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holan. Sun duba hirar yau da kullum a harsuna goma sha biyu, tsakanin mutanen da ke magana da harshen uwarsu, 'yan'uwa da abokai. Suka samu cewa a matsakaici, duk bayan minti 1.4 sai wani ya tsayar da wani ya nemi a sake ko a fayyace. Na ce, "Yallaɓai, ko minti ɗaya da rabi ba a yi. Kuma waɗannan suna ganin juna, harshensu ne. Kai ka yi minti shida a waya da baƙon harshe ba ka tambaya ko sau ɗaya ba. Ba ƙwarewa ke nan ba."

Binciken ya nuna hanya uku ake bi, kuma su muka mayar darasi. Akwai buɗaɗɗiyar tambaya, irin "Sorry?", wadda ke sa mutum ya maimaita komai, sau da yawa da saurin da ya yi na farko. Akwai mai nuna inda ramin yake: "Sorry, which day?" Akwai kuma wadda kai ne za ka miƙa abin da ka ji a tabbatar maka: "Was that F for Friday?" Ta ukun ta fi, domin tana nuna kana biye, kuma amsarta kalma ɗaya ce. Yallaɓai da "Pardon?" kaɗai ya sani, in ya faɗe ta sau biyu bai ji ba sai kunya ta rufe shi ya ce "yes".

Abin da ya kwance ƙullin, ga mamakina, jimla ce ƙarama: "Sorry, the line isn't very clear." Da na ba shi ita, fuskarsa ta saki. Laifin ya tashi daga kansa ya koma kan layi. Kuma ba ƙarya ba ce, tunda na riga na nuna masa abin da layin ke datsewa. Na tabbata da ban fara da bayanin hertz ɗin nan ba, da ba zai yarda ya faɗe ta da zuciya ɗaya ba.

Daga nan muka sauya tsarin atisaye. Ba sauran zama a aji da takarda. Nakan kira shi ba tare da sanarwa ba, sau ɗaya ko biyu a rana, kira na minti uku. Wani lokaci daga ɗaki shiru, wani lokaci daga bakin titi da gangan. Kowane kira da tarkonsa: rana marar yiwuwa, lambar da na faɗa iri biyu, tambayar da na ɓoye a tsakiyar bayani. Makinsa kuma ba a kan amsa daidai yake ba, a kan sau nawa ya tsayar da ni. Kiran da bai katse ni ba ko sau ɗaya, ya faɗi, ko da ya rubuta komai daidai. Sharaɗi ɗaya: biro a hannu kafin ya ɗaga, kuma ba a ajiye waya sai ya ce "Let me read that back to you" ya karanto abin da ya rubuta.

Haruffa, lambobi, ranaku

Don rarrabe haruffa na fara ba shi jerin da matuƙa jirgin sama ke amfani da shi, wanda hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ta tsayar a 1956: Alfa, Bravo, Charlie, Delta, har zuwa Zulu. An zaɓi kalmomin ne don kada a rikita su ko da rediyo na shaƙewa. Wasu sun yi masa daɗi. "P for Papa" ko ya fito kamar Fafa, ba wanda zai ɓata. Amma Foxtrot ta ƙi zama a bakinsa. Gaɓar Hausa ba ta tara baƙaƙe a jere haka, sai ya riƙa cusa wasula, kalmar ta koma gaɓa huɗu ko biyar. Ga shi kuwa F ce harafin da ya jawo duk wannan. Shi da kansa ya samo mafita: "F for Friday, S for Sunday, M for Monday." Kowa ya san ranakun mako. Na bar masa, ban ga dalilin tilasta wa mai sayen famfo ya yi magana kamar matuƙi ba.

Lambobi sun fi cin lokaci. Littattafai suna cewa bambancin 15 da 50 a Turanci yana wurin nauyin murya: a "fifteen" nauyin a ƙarshe, a "fifty" a farko. Gaskiya ne in kalmar tana tsaye ita kaɗai. Amma in aka ce "fifteen boxes", Bature yakan janyo nauyin zuwa farko, sai n ɗin ƙarshe kaɗai ta rage a matsayin shaida, ita kuma layi ba ya riƙe ta da kyau. Saboda haka na ce kada ya dogara da kunne, ya tambaya: "One-five or five-zero?" Masu aikin waya ko'ina haka suke yi.

Sai ƙananan abubuwan da ba a koyarwa a makaranta. Mutumin Ingila in yana karanta lambar waya yakan ce "oh" a maimakon sifiri, ya ce "double four" a maimakon 44. Ba'amurke yakan tausasa t ɗin "thirty" ta koma kamar d, ya haɗiye ta "twenty". In aka rubuta 03/04, a Ingila 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris, don haka a waya a faɗi sunan wata, kada a ce wata na uku. "Half seven" a bakin ɗan Ingila bakwai da rabi ne, amma Bajamushe a harshensa irin wannan faɗar shida da rabi take nufi, kuma yakan shigo da ita cikin Turancinsa. Yallaɓai ya taɓa zaman jiran kira awa guda saboda wannan, bai san dalili ba sai ranar.

Akwai kuma wadda ya ba ni labari yana dariya. Shekarun baya wani ya ce masa "hang on", shi kuwa ya san "hang up", sai ya kashe waya. Ɗaya jira ce, ɗaya ajiye waya. Irinsu "put you through", "call you back", "you're breaking up", "bear with me" ba su kai ashirin ba waɗanda ake ji kullum, muka bi su a zama biyu.

Inda hadda ta yi rana

Buɗe kira da rufe shi suna da tsari kusan tsayayye, a nan kam hadda ta dace. Emanuel Schegloff ya yi nazarin buɗewar kira wajen 500 a aikinsa na 1968, ya nuna cewa ƙarar waya ita ce kiran, wanda ya ɗaga shi ke fara magana. Daga nan sai a san juna, a gaisa, a shiga dalilin kira. Sakan goman farko in suka tafi daidai, gaba ta daina faɗuwa. Muka tsayar masa da jimla uku: sunansa da kamfaninsa, wanda yake nema, da dalilin kira a jimla ɗaya. In shi aka nema kuma, amsa kalma ɗaya ce, "Speaking." Da yakan yi dogon bayani cewa shi ne mutumin da ake magana a kansa.

Rufewa ta fi buɗewa wuya. Schegloff da Harvey Sacks sun yi rubutu a kanta a 1973, suka nuna ba a yanke kira kwatsam, sai an yi share fage da irin su "well" ko "okay then", a ba ɗayan dama in yana da saura. Yallaɓai ba ya gane waɗannan alamu. Ko dai ya ci gaba da riƙe waya ana ta "okay" da "okay", ko ya ce "bye" mutum bai gama ba. Muka haɗa rufewar da karanto bayani: ya taƙaita abin da aka cimma, ya ce zai aiko da imel na tabbatarwa, ya yi godiya. Imel ɗin nan shi ne garkuwarsa, tunda a rubuce ba mai ja da shi.

Don dogon bayani, kamar ƙorafin kaya da suka lalace, na yi amfani da dabarar 4/3/2 da Paul Nation na Niyuzilan ya yi bincike a kanta a 1989: ka faɗi abu ɗaya cikin minti huɗu, ka sake cikin uku, ka sake cikin biyu. A zagaye na uku "em" da "you know" sun zube, ƙashin maganar ya rage. Na kuma sa shi ya riƙa kiran layukan da na'ura ke amsawa, masu cewa danna 1 danna 2, ya rubuta abin da aka ce. Na'ura ba ta gajiya, kuma ba a jin kunyarta.

Wani abu da na makara ban lura da shi ba: muryata ya saba da ita. A mako na shida yana kama duk tarkona, na fara jin daɗi, sai ya gaya mini kiran da ya yi da wani ɗan Indiya ya sake jefa shi cikin duhu. Masu kiransa yawancinsu ba Turawan Ingila ba ne, mutanen Indiya ne da Turkiyya da Sin da Jamus, kowa da irin karin harshensa. A duniya ma waɗanda suka koyi Turanci daga baya sun fi waɗanda suka gaje shi yawa nesa ba kusa ba. Faifan da ke biye da littattafan koyarwa kuwa murya ce mai tsabta, a hankali, ba hayaniyar sito a bayanta. Sai na roƙi wasu abokan aikina uku masu karin harshe daban-daban su riƙa kiransa a madadina. Ya koma baya na kwana biyu, sannan ya farfaɗo, domin makamin nasa bai dogara da sanin muryar ba.

Inda aka tsaya

A mako na goma ya gayyace ni ofishinsa in zauna gefe, zai kira kamfanin nan da aka yi rikicin roba. Ɓangarensa kaɗai nake ji. Ya buɗe da jimlolinsa uku. Cikin minti biyun farko ya tsayar da matar sau uku. Da aka zo lamba, ya ce layin ba ya fita sosai, ya tambaya ko F ce ta Friday. Sai na ga ya yi murmushi, ya saurara, ya rubuta. Bayan ya ajiye ya ce matar cewa ta yi ita ma ta gode da ya riƙa rarrabe haruffan, don ta daɗe ba ta gane P ɗinsa da F ɗinsa, tana jin nauyin ta tambaya. Kiran ya ɗauki kusan ninki biyu na yadda ya saba. Takardar da ya rubuta ta yi daidai da imel ɗin da ta aiko daga baya.

P da F ɗin ba su gyaru ba, kuma na daina matsa masa a kai. In ya gaji, wajen ƙarshen yini, "yes" ɗin takan dawo, shi ya sa ya mayar da manyan kiransa safiya in bambancin agogo ya bari. In mai kira ya zo da fushi yana zuba da sauri, har yanzu yakan daskare, jimlar nan ta ɗora wa layi laifi ba ta fita daga bakinsa. Shugabansa bai janye umarninsa a fili ba, sai dai saurayin nan ya koma miƙo masa waya in an zo maganar lambobi.

Abin da ban taɓa ba sam shi ne kiran taro, inda mutum huɗu ko biyar ke kan layi ɗaya, ba ka san wa ke magana ba, kuma katsewa na nufin katse kowa. Yana da irinsa a ƙarshen wata. Ya kira ni jiya ya ce, "Malam, abokan nan naka uku, za su yarda su kira ni gaba ɗaya?" Biyu sun amsa, ina jiran na ukun.